Karas a Bayan Ƙofa

Da sunan Allah nake ɗaukar biro yau ma, ina roƙon Ya tsare hannuna daga rubuta abin da bai faru ba.

'Ya'yana da jikokina, wannan babin na shekarar da Usman yake goye ne. Duk Sallah idan kun taru a tsakar gidan nan sai an sami mai tsokanar sa ya ce, "Ƙaton Inna, kabewar Inna ce ta gina ka," ni kuma in yi ta murmushi ina gyara zaman ɗankwali. To, na daɗe ina cin yabon da ba nawa ba, kuma tsufa ya kawo ni inda ya kamata in sauke shi. Ku ji yadda aka yi.

Shekarar ce da tumatir ya yi albarka har ya zama abin tsoro. Malam, mahaifinku, ya cika gonarsa ta bakin kanal ɗin ban ruwa da shi, wadda take kan hanyar Bunkure, kullum ana tsinka ana jera kwanduna ana jiran manyan motoci masu tafiya Kudu. Maƙwabtan gonarsa wani albasa ya yi, wani tattasai, wani karas da kabeji. Duk abin da ya fito da kyau na kwando ne. Mu a gida tuwonmu muke ci da miyar kuka, ni kuma ina ta yanka tumatirin da ya rage ina shanya kauɗa har yatsuna suka yi fari. Kabewar damina tana jibge a gindin rumbu, sai ranar da za a yi taushe ake tunawa da ita. Yanzu idan na tuna dariya nake yi. Muna zaune a tsakiyar lambu, ko'ina ka juya kore ne shar, amma ban taɓa jin wanda ya ce jariri zai ci wani abu daga ciki ba. A wurinmu kayan lambu na sayarwa ne da na miya, abincin yaro kuwa nono ne da koko.

Rukayya, matar Yayanku Babba, a shekarar ta yi haihuwar fari. Shi dai kun san ba na faɗin sunansa, ɗan farina ne, ba kuma a takarda zan fara ba. Rukayya 'yar Dawakin Kudu ce, ta gama sakandare, ga ta shiru-shiru, idan tana gaishe ni sai na kasa kunne nake jin me ta ce. Da ta dawo daga wankan jego sai ta yi abin da duk yarinya mai tarbiyya take yi a lokacin, ta miƙo mini yaron. Ku na yanzu da kuke rungume ɗan fari a gaban kowa kuna ɗaukar hotonsa a waya ba za ku gane ba. A wancan lokaci uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka sai an ce mata, "Ɗauke shi mana," sannan ta ɗauka kamar an tilasta mata. Rukayya "yaron nan" take ce wa Usman. Ni kuwa angona nake ce masa. Ni ke yi masa wanka, ni ke goya shi, nono kawai ke kai shi ɗakin uwarsa. Na ji daɗin wannan mulki ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da ya cika wata shida na fara ba shi koko. Da hannuna nake damawa, tsinkakke, in tace shi sau biyu, in kwantar da shi a cinya in ɗura masa yana kuka ina lallashi, kamar yadda na yi wa kowannenku. Wata bakwai ya wuce, na takwas ya kama, yaro ba ya ƙaruwa. Wuyansa ya yi siriri, kansa ya fi ƙarfin jikinsa, ga rigimar da ba ta ƙarewa. Na ce haƙori ne. Duk matar da ta shigo gidan ta dube shi sai ta ce haƙori ne. A unguwarmu babu ciwon yaro da haƙori bai ɗauki laifinsa ba.

Ranar awo muka tafi asibitin Kura ni da Rukayya, ni ke goye da shi. Malamar asibitin wata doguwa ce mai tabarau. Ta ɗora shi a sikeli, ta dubi katinsa, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kaka, kin ga wannan layin? Hawa ya kamata ya riƙa yi. Wata biyu ke nan yana kwance. Me yake ci ban da nono?"

Na ce, "Koko, mai kyau kuwa. Ni nake dama masa da kaina."

Ta ce, "Tsinkakken koko ruwa ne yake cika masa ciki. Ba daga cikin lambu kuka fito ba? Ku dafa masa kabewa, ko karas, ko dankali, ku murje ya yi laushi, ku ɗiga man gyaɗa. Kada a sa gishiri, kada a sa dunƙule. A ci gaba da nono."

Na ce to, irin to ɗin da ake cewa don a rabu lafiya. Muna fita ƙofar asibitin na juya wajen Rukayya.

"Kin ji ta ko? Wai karas! Yaron da ko haƙori ɗaya bai tsiro ba. Zomo ta ɗauke shi?"

Rukayya ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Inna."

Na biya kemis na sayo maganin haƙori, muka koma gida na ci gaba da kokona.

Bayan kamar kwana goma sai angona ya fara yi mini wulaƙanci. Da ya ga ludayin koko sai ya kau da kai ya datse baki. Abin ya ɓata mini rai, amma na lura rigimarsa ta ragu, sai na ce maganin haƙorin ne yake aiki. Wata rana da hantsi na kwance masa ƙunzugu zan wanke shi, sai na ga kashinsa ja-ja kamar an kwaɓa da manja. Na ƙwala salati har kaji suka watse. Na saɓa shi a kafaɗa, na fizgi mayafina, ina cewa yau sai asibiti ko da a ƙafa ne. Ina juyawa na ga Rukayya tsaye a bakin ɗakinta, ta riƙe labule da hannu biyu.

"Inna, ba ciwo ba ne."

"Ke likita ce? Kin ga abin da ya fito daga cikin yaron nan kuwa?"

"Karas ne, Inna."

"Wane karas?"

Sai ta ɗaga labulen. Na shiga. A bayan ƙofa, inda mai shigowa ba zai gani ba, ga risho, ga 'yar tukunya, ga rariyar shayi da ƙaramin cokali, an kife su da kwano. Ashe mijinta ta roƙa ya riƙa tsinto mata karas a bakin kanal inda ake wanke shi, irin karkatattun da ake warewa ba a sa su a buhu, ta ce masa ita ke marmari. Idan ta karɓi yaron bayan azahar da sunan ba shi nono, sai ta tura ƙofa ta ba shi abin da ta dafa. Tun washegarin awo take yi.

Raina ya ɓaci har ina jin zafi a kunnuwana. Na ce, "A gidana? A ɓoye kike ciyar da ɗanki kamar wadda ta yi sata?"

Hawaye suka cika mata ido. Ta ce, "Inna, ban san yadda zan faɗa miki ba. Na ga wuyansa ne, sai na kasa..." Nan ta tsaya, don ko wannan ɗin ma a ganinta ta yi rashin kunya.

Maganar da na faɗa da bakina ita ta dawo ta buge ni. Na zauna a bakin gadonta da yaron a cinyata. Sai na tuno lokacin da Yayanku Babba yake kamar haka, ya rame, uwar mijina, Allah Ya jiƙanta, tana ta ba shi jiƙe-jiƙe, ni kuma ba ni da bakin magana, sai in zagaya bayan rumbu in yi kukana in wanke fuska in dawo. Allah Ya raya shi, ni kuma na manta da wannan kukan sarai, har na wayi gari wata yarinya tana laɓewa a bayan ƙofa saboda ni. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na ɗaga Usman na dube shi da kyau, sai na ga kumatunsa sun ɗan ciko, ni da nake goya shi kullum ban lura ba.

Na ce, "Ɗauko rishon nan ki fito da shi tsakar gida. Ba a ɓoye girki a gidana. Zo ki nuna mini yadda kike yi."

Haka na zama 'yar koyo, ni da na shekara talatin da wani abu a gaban murhu. Rukayya ta wanke hannu da sabulu, ta sa ni ma na wanke, abin da babu wanda ya taɓa sa ni yi tun ina yarinya. Ta kankare karas, ta yanka ƙanana, ta zuba a ɗan ruwa. Tana bayani a hankali kamar mai raɗa, sai da na ce ta ɗaga murya, ba ta'aziyya muka zo ba. Da na ga ruwan dahuwar ya yi ja sai na ce ai duk zaƙin ya tafi cikin ruwa, me zai hana a turara shi a madambaci kamar dambu? Muka gwada, ya fito da launinsa, laushi tuɓus. Wannan dabarar kam tawa ce, kada wani ya ƙwace mini ita. Ta murje shi a rariya da bayan cokali, ta ɗiga man gyaɗa, ta sassauta shi da ruwan da aka tafasa. Ni kuwa hannuna da kansa ya tafi gwangwanin gishiri, ban ma sani ba.

"Inna, ban da gishiri."

"Ɗan kaɗan fa, don ya ji ɗanɗano."

"Ko kaɗan, Inna."

Na ɗanɗana na yamutsa fuska. Na ce, "Wannan lamin za ki ba angona? Ko mara lafiya aka kai wa wannan ai sai ya yi fushi."

Ta zaunar da shi a cinyarta, ba kwance ba kamar yadda nake yi, ta kai masa cokali. Angona ya wangale baki tun cokalin bai iso ba. Ya haɗiye, ya buga hannu a cinya, ya sake buɗewa. Babu ɗure, babu kuka. Ya cinye tas, fuskarsa dumu-dumu har gira, yana neman kama cokalin. Na yi dariya har da hawaye, ina ce masa maci amana, watanni ina yi maka hidima ashe ga abin da kake so. Rukayya ma dariyar ta kufce mata, ta rufe baki da gefen zani.

Daga ranar girkin angona ya zama shagalin gidan. Rukayya ta ce sabon abu ɗaya ake ba shi, a yi kwana uku a ga ko ya karɓe shi, sannan a ƙara wani. Muka fasa kabewar gindin rumbu, ya so ta fiye da karas. Muka yi dankali, muka yi wake da aka surfe aka cire masa ɓawo, muka haɗa kabewa da ganyen zogale, wannan kam sai da ya tofa mini a fuska sau biyu kafin ya yarda. Kokon ma ba mu yar da shi ba, kauri muka ƙara masa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ba ma ajiye na safe ya kai yamma, daidai cikinsa ake dafawa. In ya rage ni ke cinyewa, amma da yajina da gishirina, don ni ba jaririya ba ce.

Abu ɗaya ya dame ni. Na san yadda ake yi wa kayan lambu feshin maganin ƙwari, ina ganin Malam yana dawowa rigarsa na wari. Da ya dawo daga gona na tare shi tun bai ajiye fartanya ba.

"Malam, fangali biyu nake so a gonarka."

Ya ce, "Ikon Allah! Noma za ki fara da tsufanki?"

"Na angona ne. Alayyahu da karas za a sa, kuma kada feshi ya taɓa su."

"Hajara, a gefen tumatir? In ba a yi feshi ba ai tsutsa na noma wa."

"In ta ci rabi, rabin ya ishe shi. Cikin nasa nawa yake?"

Ya yi ta mita har ya gama alwala, amma da safe ya je ya ware fangali biyu a can ƙarshen gonar, inda iska ba ta kai feshi. Manoman wurin suka sa musu suna gonar jariri, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko mai gonar ya fara biyan leburori. Alayyahun bai daɗe ba ya tashi, duk ganyen huji-huji. Malam da ya yi ta mita shi ne yake tsinko shi da kansa ya kawo a aljihun riga, ya ja kujera ya zauna sai ya ga an ba yaron, yana cewa a ƙara masa, ai daga gonarsa ne.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Yaya Asabe, ungozomar unguwarmu, aminiyata ce tun ina amarya, ita ta yanke wa yawancinku cibiya. Ta shigo wata rana ta tarar Rukayya na zaune a tsakar gida da yaron a cinya tana ba shi kabewa, tana ce mini, "Inna, ƙara ruwa kaɗan, ya yi kauri," ni kuma ina ƙarawa. Ta ja ni gefe.

"Hajara, me nake gani haka? Surukarki na ba ki umarni, ta rungume ɗan fari a gabanki babu ko kara? Mu da muka raini goma-goma da koko, laifi muka yi ke nan?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Cikin goman nawa suka rayu, Yaya?"

Ta dube ni, ta gyara mayafinta ta fita. Yaya Asabe ta binne 'ya'ya huɗu, kuma na sani. Ba ta sake taka gidana ba sai da damina ta faɗi, bayan na je har ɗakinta sau biyu na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta yafe mini, amma zaman da muke yi da ba mu koma irinsa ba har ta rasu. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah gafara a kansu. Matan unguwa kuma suka daina kawo mini jarirai in duba, suna ce mini ɗalibar suruka. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda gaskiya suka faɗa.

Ranar awo ta sake zagayowa. Tun da asuba na canza wa yaron riga sau biyu kamar rigar za a auna. Ɗakin awon cike yake da mata. Malamar nan mai tabarau ta ɗora shi a sikeli yana ta harbe-harbe, ta duba, ta sake dubawa, ta ja biro a kati. Ta juyo da katin ta nuna mana. Layin da yake kwance ya ɗaga kai sama, ko ni da a lokacin ban iya karatu sosai ba na gani.

Ta ce, "Masha Allah! Wa ke haɗa masa abincin nan?"

Kafin in buɗe baki Rukayya ta ce, "Inna ce."

Malamar ta sa na miƙe tsaye, ta ce wa matan su dubi kakar da ta ji magana, ta sa suka tafa mini. Ni kuwa na tsaya ina karɓar tafi, ban ce uffan ba. Daɗi ya rufe ni, ga kuma son yabo irin nawa da kuka sani. Daga wannan ɗakin labarin kabewar Inna ya fito, ya bi unguwa, ya shigo gidan nan ya zauna har yau. To ku rubuta ku ajiye, Rukayya ce ta ji maganar malamar, ita ta ga wuyan ɗanta ta yi abin da ya kamata alhali ba ta da bakin magana. Nawa a ciki madambaci ne da fangali biyu.

Mota ta sauke mu a bakin titi, muka kama hanyar gida ta gefen kanal. Rana ta take, ruwa na gudu cike da kanal ɗin, masu ban ruwa sun tayar da injinansu a gonaki. Na kwance goyon don in gyara majanyi, na miƙa mata shi ta riƙe mini. Yaron ya kama mata hanci ya ƙyalƙyale da dariya. Ita kuma da ta yi ta danne murnarta tun daga asibiti, sai ta manta da ni gaba ɗaya. Ta ɗaga shi sama da hannu biyu tana juyi da shi a kan hanya.

"Usman! Usmanuna, ka yi nauyi!"

Sai ta tuna. Ta tsaya cak, ta sauke shi a ƙirjinta, ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Na juya ina kallon gonakin tumatir, ina ta kakkaɓe majanyin da babu komai a jikinsa, don idona ya cika kuma ba na so ta gani. Da na share ido sai na juyo.

Na ce, "Me kika ce? Injinan nan sun cika mini kunne. Sake faɗa in ji."

Ta ɗago ta dube ni, ta gane sarai na ji. Ta yi murmushi.

"Usman, Inna."

Na miƙa mata majanyin na ce ta goya abinta. Ita ta shiga da shi unguwa a bayanta, ni ina biye da su riƙe da katin awo.